Buji Na Huɗu

Shekara uku kwarin Gulbin Kaba bai riƙe ruwan da zai jiƙa kofaton akuya ba. Sai ranar Juma'ar da za a ɗaura auren Zara'u ya ga damar cika.

Tana zaune a bayan motar ubanta, ƙarƙashin tamfol, kusa da Gwaggo Maimuna. Da hantsi suka baro Tasawa. Kanan-Bakache suka nufa, gidan Baba Yahaya wan ubanta, don shi ne waliyyinta. Auren bazawara ba ya son taro, ga esansi, man mota, ta yi wuya tun da aka rufe iyaka, shi ya sa aka haɗa uba da ango da amarya a mota ɗaya, abin da dattawan Tasawa ba za su taɓa yarda da shi ba a shekarun ƙoshi.

Angon ne ma ke tuƙi. Direban ubanta Alhaji Danda yunwar bara ta kore shi kudu, bai dawo ba. Malam Hashimu kuwa, sakatare a ofishin rabon hatsi, watansa huɗu da samun takardar tuƙi, kuma yana ji da ita kamar shi ya ƙera motar.

Sauri yake yi, yana da dalili. Masu kaki sun canza masa wurin aiki zuwa can arewa, ranar Litinin zai tashi, su kuma ba a ce musu a dakata. In ba a shafa fatiha yau bayan sallar Juma'a ba, sai bayan kaka, in da rai.

Zara'u ta san wannan lissafin fiye da kowa. Shekararta ashirin da bakwai, ta yi takabar mijinta na fari ta gama, kuma doka da addini duk sun ba ta bakinta. Baba Yahaya ba zai ɗaura ba sai ya tambaye ta gaban shaidu wanda take so. Amma ubanta ya riga ya karɓi amsar tun a gida. Ranar da saniyarsa ta ƙarshe ta faɗi, ya kira ta ɗaki, ya ce Hashimu ne ya rufa wa gidansu asiri a shekarar yunwa, ya roƙe ta kada ta kunyata shi. Ba ta taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Ta ce to.

Motar ta tsaya a bakin kwarin. Ta leƙo ta gefen tamfol, ta ga ruwa ja yana tafiya a hankali, faɗinsa ya kai jifa biyu.

"Alhamdu lillahi," ta ji muryar ubanta tana rawa. "Ashe za mu sake ganin ruwa a gulbin ga. Hashimu, mu dakata mu tambayi mutanen wurin."

"Baba Alhaji, hanyar ga sau nawa na bi ta da buhunan hatsi? Babu rami ko ɗaya. Sirrin dai a shige ta da gudu."

Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar rani. Yashin kwarin da gudu ake shigarsa, wanda ya sassauta ƙafa ya kafe. Duk direban da ya koyi tuƙi a shekarun fari abin da ya sani ke nan, kuma Hashimu bai taɓa tuƙa mota a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ba. Ya ja baya, ya taka, ya afka.

Ruwa ya tashi ya rufe gaban motar har gilashi. Gwaggo ta saki salati. Injin ya yi tari sau biyu, ya shaƙe, ya yi tsit. Ba a jin komai sai ruwa yana wucewa ta ƙarƙashinsu.

Allah ya gafarta wa Zara'u, a wannan lokacin daɗi ta ji.

Mutanen ƙauyen da ke shuka a tudu suka zubar da sungumi suka sheƙo. Ranar kowa zuciyarsa fara ce, ko raƙumi ne ya faɗa ruwa da sun ɗauko shi a ka. Wani dattijo mai suna Ɗan Baba ya ba da umarni, suka shiga ruwa har ƙugu suka turo motar zuwa ɗaya gaɓar, suka hau da ita kan tudu. Mata suka sauko, suka koma gindin wata aduwa suna matse bakin zane.

Hashimu ya murɗa makulli. Injin ya ce ƙat, ya tsaya. Ya sake murɗawa. Ƙat.

"Bon," ya ce, yana share gumi. "Batir ce ta yi sanyi. Ga gangara nan. Ku tura, in sa bitas, giya ta biyu, yanzu za ta tashi."

Wannan kuwa magani ne da kowa ya sani daga Tasawa har Mayahi. Mota in ta ƙi tashi, turawa ake yi. Maza fiye da goma suka jeru a bayanta, Ɗan Baba ya ɗaga hannu zai ba da murya.

"Kada ku tura!"

Zara'u ba ta buƙaci waiwayawa ba. Ƙirjinta ya riga ya gaya mata mai muryar.

Jatau ne. Ya diro daga amalanken jaki tun bai tsaya ba, ya zo da gudu ya dafe gaban motar da hannu biyu. Rigarsa ta aiki duk baƙin mai, ya rame fiye da yadda ta san shi.

Shekara bakwai da suka wuce, tun tana budurwa, ya aiko neman aurenta. Alhaji Danda ya ce ba a taɓa haɗa jini da maƙera a gidansu ba. Jatau ɗan maƙera ne gaba da baya, ko da yake ya bar uwar maƙera ya koyi gyaran mota a Maraɗi. Aka ba da ita ga wani. Da ta fita takaba ya sake aikowa, aka sake ba shi amsar farko, har da ƙarin cewa kada ya kuma taka ƙofar gidan. Sai ya rufe garejinsa na Tasawa ya koma Kanan-Bakache yana gyaran injinan niƙa, don kada ya riƙa ganin ta a hanya.

"Kai kuma daga ina?" in ji Hashimu ta taga. "Kauce, muna sauri."

Jatau bai dube shi ba. Ya rusuna wa Alhaji.

"Alhaji, barka da ruwa. Cikin ruwa ta mutu, ko bayan kun hito?"

Alhaji Danda ya kau da kai kamar ba zai amsa ba. Amma motar nan ita kaɗai fari ya bar masa. Shanu sun tafi, rumbuna sun zama ɗakin ɓeraye, ita ce ke jigilar kasuwanni tana ciyar da baki goma sha tara.

"Cikin ruwa," ya ce a taƙaice.

"Da gudu anka shiga?"

Ɗan Baba ne ya amsa: "Da gudu hwa, ɗana. Mun ɗauka jirgi ne."

"An murɗa makulli bayan nan?"

"Sau biyu."

"Mi ta ce?"

"Ƙat ta ce, ta yi shiru."

Jatau ya runtse ido. "Alhaji, ba batir ba ce. Ruwa ta sha. In ruwa na cikin inji kunka tura ta, ƙarhen ciki zai lanƙwashe ko shi hwasa injin. Iyaka na ruhe, ko Maraɗi ba ka samun wani. Ka ba ni izini in duba."

Zara'u ta zuba wa Jatau ido. Ashe da ya yi shiru, da ya tsaya a kan amalankensa ya ƙirga goma kawai, da motar ta mutu mutuwar da ba ta tashi yau. Babu mai zarginsa, babu ma wanda ya san ya gani. Kuma ya san inda za su. Duk Kanan-Bakache an san yau ake ɗaura auren ɗiyar Danda.

Alhaji ya dubi motar. Sannan ya ce, "Duba."

Jatau ya ɗauko akwatin ƙarafansa ya ɗaga murfin injin. Bai yi gaggawa ba. Ya fara kwance tukunyar da iska ke bi ta shiga inji, ya karkata ta, jan ruwa ya zubo har da ɗan tsinken kara. Mutane suka ce, "Ash!" Ya zaro sandar awon mai ya nuna wa Alhaji. Maimakon baƙi, man ya yi fari-fari kamar kunun da aka zuba wa nono.

"Ruwa ya haɗu da mai. Sai an zubar da shi duka."

Ya buɗe murfin delko, wurin da wuta ke rabuwa zuwa buji, wato fulogi, ya ga raɓa a ciki, ya goge da gefen rawaninsa. Sannan ya kwance buji ɗaya bayan ɗaya, guda huɗu, kowanne bakinsa a jiƙe. Ya roƙi garwashi daga wata bukka, ya gasa su sama-sama yana juyawa da awartaki, ya jera su a kan murfin kwanon Gwaggo a rana, kusa da aduwar da mata ke zaune.

"Kowa shi matsa baya," ya ce.

Ya zura manibel, ƙarfen da ake juya inji da hannu, ta gaban motar. Ya juya a hankali. Ruwa ya yi tsartuwa daga ramukan buji biyu, ya tashi sama ya sauka a kan farar rigar Hashimu, wanda bai ga dalilin da zai sa ɗan maƙera ya ce masa ya matsa ba. Ba wanda ya yi dariya a fili.

Jatau ya ci gaba da juyawa, kunnensa a karkace, yana sauraron abin da hannunsa ke gaya masa. Ya zagaya sau goma, sau ashirin, har ruwan ya ƙare.

"Alhaji, ka gode Allah batir ɗinka ta tsuhwa. Da tana da ƙarhi, murɗawar nan biyu ta isa ta kashe injin. Ba abin da ya lanƙwashe. Ina da galan na mai da zan kai wa injin niƙa, shi zan zuba. In Allah ya so kuna samun Juma'a."

Alhaji ya sauke numfashi. Bai ce an gode ba, ya juya ya gangara bakin ruwa don ya wanke laka daga babbar rigarsa. Hashimu ya bi shi da takalma a hannu. Masu shuka suka koma gonakinsu kafin ƙasa ta sha iska. Jatau ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar da tsohon kwano.

Gwaggo Maimuna ta dubi Zara'u, ta dubi ƙafafun da suka leƙo daga ƙarƙashin mota. Ta ja gyale ta rufe fuska.

"Ni barci nike ji," ta ce. "In kin ga dama ki kai wa bawan Allah ruwa shi sha. Ba a hana mai aiki ruwa."

Zara'u ta ɗauki gora ta je ta tsuguna a gefen motar. Ba ta ganin fuskarsa, shi ma ba ya ganin tata. Wataƙila shi ya sa maganar ta iya fitowa.

"Jatau."

Ƙarar ƙarfe ta tsaya.

"Na'am, Zara'u."

"Don mi ka hana su turawa?"

Farin mai ya fara zuba cikin kwano.

"Ka san inda za a kai ni. Da ka yi shiru, da yanzu an gama. Litinin shina tahiya, sai bayan kaka. Wa ya san abin da Allah zai yi kahin kaka?"

"Na yi shirun," ya ce da wata murya da ba ta san shi da ita ba. "Tun daga kan tudu na gane motar. Na ga sun jeru. Na ce wa kaina, Jatau, kama bakinka, ba kai ka shiga da ita ruwa ba. Wallahi har na ja linzamin jaki na tsaya. Sai na tuna ƙannenki. Na tuna wagga mota ita ce tuwonsu."

Hawaye ya zubo mata. "To yanzu ka ce ta ƙi. Ka ce sai gobe. Ka ce akwai abin da sai an aiko da shi daga Maraɗi. Wa zai ƙaryata ka? Duk cikinsu ba wanda ya san komi."

"Shi ya sa ba ni iyawa."

"Ko don ni?"

"Zara'u, ubanki ya ce ɗan maƙera bai isa shi shiga zuri'arshi ba. Shekara bakwai ina cewa bai san ni ba ne. In na yi mishi ƙarya yau, da ƙarhe a hannuna, a kan abin da ya amince mini, to ashe ya san ni."

"Kai mutuncinka kake ji. Ni kuma a kai ni arewa in mutu da baƙin ciki."

"Kada ki ce haka."

"Na ce! Sau biyu ana ɗauke ni kana tsaye kana kallo. Wancan karon ka ce ba ka da iko. Yau ikon na hannunka, ga shi nan cikin kwano, kai da kanka kake gyara hanyar da za a bi a raba mu. Wace irin ƙauna ce wagga, Jatau?"

Da ya yi magana, ta gane shi ma kuka yake yi.

"Tun da na ji an sa rana ban ci abincin kirki ba. Jiya da hadari ya taso kowa na murna, ni ina roƙon Allah shi sa hanya ta yanke. Ga shi ya amsa, kuma ya aiko ni in gyara. Kina ganin da daɗi nike kwance a nan?"

"To ka taimake ni."

"Wancan karon ke budurwa ce, ba a tambaye ki ba. Yau ba mai ɗaura miki aure sai an ji daga bakinki. Ikon ba shi cikin kwanon ga, Zara'u. Kina so hannuna shi yi ƙarya don bakinki shi huta hwaɗin gaskiya."

Maganar ta soke ta har ƙashi.

"Baba ya yi kuka a gabana," ta ce da ƙyar. "Ka taɓa ganin ubanka na kuka?"

"Na gani. Ranar da anka koro 'yan aikenmu daga ƙohwar gidanku."

Ta miƙe, gorar ruwan na hannunta, ba ta ma ba shi ba. Idonta ya rufe da hawaye da fushi. A hanyarta ta komawa gindin aduwa ta bi ta gaban murfin kwanon. Buji huɗu na jere a rana. Ba ta tsaya tunani ba, ta sunkuya kamar mai gyara zane, ta ɗauki ɗaya. Da sauran ɗuminsa. Ta ƙulle shi a bakin gyalenta ta zauna.

Gwaggo na ta minsharin da bai yi kama da na mai barci ba.

Rana ta kusa tsaka sa'ad da Jatau ya gama zuba sabon mai. Alhaji da Hashimu sun dawo, Ɗan Baba da wasu mutum biyar sun sauko su ga tashin mota. Jatau ya zo ɗaukar buji. Ya tsaya a kan murfin kwanon.

Uku.

Ya duba ƙasa, ya tona yashi da yatsa. Sannan ya ɗago ido sau ɗaya ya dubi gindin aduwa. Zara'u ta sunkuyar da kai. Bai sake dubanta ba.

"Lahiya?" in ji Alhaji.

"Ɗaya ya ɓace, Alhaji."

"A sa ukun mana," in ji Hashimu.

"Ba ta kai ku ko'ina da rami a buɗe. Kuma ba ni da wani."

Aka shiga nema. Aka kakkaɓe buhu, aka zazzage akwatin ƙarafa, aka tankaɗe yashi da hannu. Hashimu yana duban agogonsa yana duban rana, har fuskarsa ta canza.

"Wala, ga shi nan!" ya ce da ƙarfi. "Dama na sani. Baba Alhaji, ba ka gane ba? Duk wanga wasan don mu rasa Juma'a ne. Ya kwance motar da gangan, ya ɓoye abin. Wa bai san abin da ke ranshi ba?"

Alhaji Danda ya juyo a hankali. "Jatau. Kai ka ɗauka?"

"Ban ɗauka ba, Alhaji."

"To wa ya ɗauka? Kai ka aje su da hannunka."

Jatau ya sunkuyar da kai.

"Ka ga wanda ya ɗauka?"

Jatau ba zai ce bai sani ba, don ya sani. Ba kuma zai faɗa ba.

"Sabotaj ne wanga, zagon ƙasa," in ji Hashimu. "Ni ma'aikacin gwamnati ne a kan hanya, da takardar tahiya a aljihuna. Muna isa gari zan kai ƙara. Ka san zamanin da muke ciki. Sai ka yi bayani inda ba a tambaya sau biyu."

A shekarun nan kalma ɗaya daga bakin mai ofis ta isa a ɗauki mutum, danginsa su yi ta yawon tambaya. Ɗan Baba ya matso yana ba da haƙuri, ba wanda ya saurare shi.

Alhaji ya girgiza kai, da wani irin ɗaci a fuskarsa.

"Ɗazu da ka tare motar ga, na ji kunya a raina. Na ce ko na zalunci yaron nan. Ashe ban yi kuskure ba. Hali dai na gida ne."

Jatau ya ɗago kai. Leɓensa ya motsa, ya dube shi ido cikin ido, sannan ya mayar da kansa ƙasa.

"Yadda ka gani, Alhaji."

Wannan kalmar ce ta tayar da Zara'u. Ta ga mutumin da ya ƙi yin ƙarya don ya same ta, ga shi zai haɗiye sunan maƙaryaci don ya rufe ta. Ta ratsa maza ta zo gaban ubanta ta durƙusa. Ta kwance bakin gyale. Bujin ya faɗo a tafin hannunta.

"Baba, ni na ɗauka."

"La'ilaha illallahu," in ji Ɗan Baba.

"Na roƙe shi shi ce motar ta mutu, ya ƙi. Na roƙe shi da kuka, ya ƙi. Ya ce ba shi cin amanarka. Shi ya sa na ɗauka."

Ta ɗago kai ta dubi ubanta.

"Na yi maka alkawari, Baba, don na ga hawayenka. Amma in Baba Yahaya ya tambaye ni gaban shaidu na ce Malam Hashimu, na yi ƙarya a ɗakin da ake kiran sunan Allah. Jatau nike so. Shi nike so tun kahin ka ba da ni wancan karon, ban taɓa hwaɗa maka ba don ba ka taɓa tambaya ba."

Hashimu ya cire tabarau. Duk kurin ya zube, sai ga wani mutum mai jiƙaƙƙiyar riga da bai san inda zai sa hannunsa ba.

"Zara'u," ya ce a hankali, "mi na yi miki?"

"Alheri ka yi mana, Malam, Allah ya saka maka. Ba ni mantawa har in mutu. Amma ka cancanci matar da ba za ta yi murna ba in motarka ta mutu cikin ruwa."

Ya juya ya tafi bakin gulbi ya tsaya, ya ba su baya.

Alhaji Danda ya miƙa hannu ya ɗauki bujin daga tafin 'yarsa. Ya juya shi, ya sake juyawa, kamar bai taɓa ganin ƙarfe ba. Sannan ya miƙa wa Jatau ba tare da ya dube shi ba.

"Abin da na hwaɗa yanzu, na janye shi. Ɗaura."

Jatau ya ɗaura buji huɗu, ya mayar da wayoyi. Ya kama manibel ya fizga. Injin ya yi tari. Ya sake fizga. Ya yi tari, ya tofar da farin hayaƙi ta baya, ya kama, ya daidaita.

Ba wanda ya yi shewa.

Alhaji ya kira Hashimu, ya dafa kafaɗarsa, ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya sa shi ya zauna a tsakiya. Sannan ya ce wa Ɗan Baba ya riƙe jakin Jatau zuwa la'asar.

"Kai za ka tuƙa," ya ce wa Jatau. "Kada ka ɗauki abin da nisa. Mota na ba ka."

"To, Alhaji. Ina munka nuhwa? Tasawa?"

"Gaba."

Ya zagayo inda Zara'u ke durƙushe har yanzu. Ya tsaya a kanta. Idonsa ya yi ja, amma wannan karon bai bar hawayen ya sauko ba.

"Ba ni da ikon ɗaure bakinki, Allah bai ba ni ba. Yaya zai tambaye ki bayan Juma'a kamar yadda anka shirya. In kin ce Hashimu, abin da ya hwaru a bakin ruwan ga ruwa ya tahi da shi. In kin maimaita abin da kika hwaɗa, Yaya na iya ɗaura miki, ba ni hana shi." Ya kau da kai. "Amma ni ba ni zama wurin. Kuma motar ga za ta koma Tasawa ba da ke ba. In ba ki iya ɗaukar wannan, ki ce a juya yanzu, mu koma gida, a ce wa mutane ruwa ya hana mu."

Ga ƙaryar da ta roƙa tun safe, ubanta da kansa ya miƙo mata ita.

Zara'u ta dubi hanyar Tasawa a ƙetaren ruwa, inda ɗakin uwarta yake da ƙannenta da duk abin da ta sani. Ta dubi Jatau. Yana zaune a gaban mota, idonsa a kan hanya, ya ƙi ya waiwayo ko da sau ɗaya, don kada a ce ya roƙe ta da ido.

Ta share fuska da bakin gyalen da ya yi baƙi da man buji. Ta kama hannun ubanta ta sumbata kamar mai bankwana, bai janye ba, bai kuma riƙe nata ba.

Sannan ta taka ƙarfen baya ta hau. Gwaggo Maimuna ta matsa mata wuri.

"Gwaggo," ta ce, muryarta ba ta rawa, "buga mishi ƙarhe. Ki ce mu tahi, kada mu rasa Juma'a."